Rabin Wasiƙar Lauratu

Dakta Bahijja Muttaka ta shekara goma sha shida tana koyarwa a jami'a, a sashen aikin jarida, kuma duk wanda ya san sunanta a wajen Kano ta dalilin littafinta ya san shi. Littafi ne guda ɗaya tal, da Turanci, an buga shi a ƙasar waje shekara takwas da suka wuce. A ciki ta ba da tarihin shirye-shiryen mata na rediyo, da yadda matan da ba sa fita suka mayar da akwatin rediyo wurin amayar da abin da ke cikinsu. Littafin nan shi ya kai ta taruka a garuruwan da a da sai a taswira take ganinsu, shi ne kuma a saman takardun da ta miƙa a wannan shekara ta 1999 tana neman a yi mata farfesa.

Tushen littafin wata tsohuwar adaka ce ta ƙarfe, ta Hajiya 'Yardada ta Soron Ɗinki, ƙawar mahaifiyar Bahijja tun suna 'yan mata. 'Yardada ta yi shekara goma sha huɗu tana gabatar da wani shirin mata a rediyo, kowace Laraba da hantsi, lokacin da maza sun fita nema. Mata su rubuto mata, ko su sa a rubuta musu, ita kuma ta zaɓi wasu ta karanta ba tare da faɗin suna ba. Da ta bar aiki ba ta bar wasiƙun a ofis ba, don ta san ƙarshensu a naɗe ƙosai da su. Ta kwaso su ta zuba a adaka ta tura ƙarƙashin gado. Ranar da Bahijja, tana ɗalibar digiri na uku, ta zo roƙon a ba ta aronsu, tsohuwar ta kafa mata sharaɗi.

"Don darajar uwarki zan ba ki," in ji ta. "Amma ki sani amana ce. Matan nan ni suka rubuto wa. Wadda na karanta a rediyo na karanta, wadda ban karanta ba na san dalilin da ya sa na danne ta. Kada ki bari a gane ko mutum ɗaya."

Bahijja ta yi alkawari har da rantsuwa. Ta kuwa canza sunayen matan duka. Littafi ya fito, aka yaba, shekaru suka yi ta tafiya, adaka tana nan a ɗakin karatunta a gidajen malaman jami'a. Kullum tana cewa za ta mayar, kullum wani abu ya taso.

Da sojoji suka koma bariki a watan Mayu, jaridu suka yi ta tsirowa a Kano kamar ciyawar farkon damina. Kowa yana da abin faɗa, an daɗe ana haɗiye shi. Wani tsohon ɗalibinta, Jibrin, ya buɗe jaridar Hausa mai fitowa duk Juma'a, ya zo har ofis ya durƙusa ya ce yana so ta ba shi izini ya fassara littafinta, ya riƙa buga shi babi-babi.

"Malama, Turawa sun karanta, mutanen Legas sun karanta," ya ce. "Waɗanda aka yi littafin a kansu su ne ba su san da shi ba."

Maganar ta shige ta. Mahaifiyarta ta rasu ba ta taɓa jin layi ɗaya daga littafin ba. A gidansu na Mandawari, in aka ce Bahijja ta rubuta littafi, sai a ce ma sha Allah a ci gaba da hira. Tana so a san ta a cikin gari, ko sau ɗaya. Ta sa hannu a takardar Jibrin ba ta ko buɗe littafin ta sake dubawa ba.

Babi uku suka fito lafiya, har ana tare ta a gidan biki ana yi mata sannu da ƙoƙari. Babi na huɗu ya fito wata Juma'a a tsakiyar Yuli. Ran Laraba ta naɗe jaridun huɗu, ta sayi goro da turmin atamfa, ta nufi Soron Ɗinki don ta nuna wa 'Yardada. Rabonta da gidan ya kusa shekara biyu. Ta ajiye mota a bakin titi, ta tattare zani ta bi lungu tana tsallake kwatocin da ruwan jiya ya cika.

Ta tarar da tsohuwar a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, idanunta sun yi yana, ta rame. Suka gaisa. Bahijja ta ajiye tsarabarta, ta fara buɗe jaridu tana murmushi.

"Inna, ga shi yau dai sunanki ya shiga jaridar Hausa."

"An karanta mini," in ji 'Yardada. "Naɗe su."

Bahijja ta tsaya da hannu a kan takarda.

"Wace ce Kande?" tsohuwar ta tambaya.

"Ai sunan ƙarya ne, Inna. Kamar yadda kika ce, na canza..."

"Kin canza suna. Kin bar Gwammaja. Kin bar mijinta mai gyaran keken ɗinki. Kin bar tagwayen da suka rasu rana ɗaya shekarar da aka canza kuɗi. Masu gyaran keke nawa ne a Gwammaja da suka binne tagwaye rana ɗaya, Bahijja?"

Bahijja ta saki jaridar. Ta san wasiƙar sarai, don ita ce ƙashin bayan babi na huɗu, ita ce ake tambayarta a kanta a duk taron da ta je. Mace ce ta rubuto a 1974 ta ce ta yi haihuwa bakwai cikin shekara goma sha ɗaya, uku ne a raye, ta je asibiti ba da sanin mijinta ba aka tsayar mata da haihuwa.

"Sunanta Lauratu," in ji 'Yardada. "Jiya ta zo nan. A nan ta zauna inda kike zaune. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, Hajiya, na ce miki kada ki karanta. Na ce mata ban karanta ba. Ta ce to yaya aka yi? Shekarata saba'in da uku, ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba."

Ta ba ta labarin yadda abin ya faru. A ƙofar shagon Malam Sabo, mijin Lauratu, akwai majalisar dattawa, kuma tun da jaridar nan ta fara fitowa wani tela yake karanta musu ita bayan an sauko daga masallaci. Ran Juma'a ya fara karanta babin, ana dariya ana cewa mata sai a bar su. Da ya zo kan Gwammaja aka rage dariya. Da ya zo kan gyaran keke, kowa ya sunkuyar da kai. Telan ya so ya tsallake, Malam Sabo ya ce masa ya ƙarasa. Ya ƙarasa har sharhin Bahijja, inda ta ce ga mace da ta ƙwato jikinta daga hannun mijin da ya mayar da ita gonar haihuwa. Tun ranar Malam Sabo a zaure yake kwana, kuma kwanon abincin Lauratu yadda aka kai haka yake dawowa.

"Inna, wallahi ban yi zaton..."

"Na sani. Kin yi zaton ba za su taɓa ji ba. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba." Ta juyo da fuskarta sosai wajen Bahijja. "Idona ya tafi, ƙwaƙwalwata tana nan. Wasiƙar nan shafi biyu ce. Abin da aka karanta mini shafi ɗaya ne. Ina ɗayan?"

Bahijja ta tattara jaridunta. Ta tashi da ƙyar ta yi sallama, tsohuwar ta amsa a daƙile, goro da atamfa suna nan inda aka ajiye su.

Tana isa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta jawo adaka ta buɗe. Ba ta sha wahalar nema ba. Takardar littafin makaranta ce guda biyu, an rubuta da biro shuɗi, rubutun wadda ta koyi boko da girma, kowane harafi a tsaye shi kaɗai. A ƙarshen shafi na farko akwai wani ɗan layi da aka ja da fensir. Hannunta ne ya ja shi.

Ta tuna ranar. Tana ɗakin karatu a ƙasar Turawa mai sanyi inda take digirinta na uku, saura wata biyu ta miƙa kundinta. Malamar da ke duba aikinta ta karanta fassarar shafin farko ta buga tebur ta ce wannan ita ce hujjar da babin yake nema. Bahijja ta koma ta karanta shafi na biyu, ta ga ba ya tafiya da hujjar. Ta ce wa kanta ai kowane mai bincike yana taƙaitawa. Ta ja layi, ta sa ɗigo uku a wurin, ta wuce. Shekara goma sha biyu ke nan, kuma ba za ta ce ta manta ba. Duk lokacin da aka tafa mata a taro sai ɗigon nan uku sun faɗo mata a rai, ta kawar da su.

Ta zauna a ƙasa ta karanta shafi na biyu har sau uku.

Washegari da safe ta je ofis don ta ɗage darasinta. Ta gaya wa abokin aikinta, Dakta Abdulhakeem, wanda suke ofis ɗaya, abin da ya faru. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Abu bai yi daɗi ba," ya ce. "Ki je ki ba su haƙuri, ki kai musu wani abu. Amma kada ki rubuta komai yanzu. Takardunki suna hannun masu tantancewa. In aka ji kin yanke hujja, akwai masu jiran irin wannan a sashen nan, kin san su. Ki bari a gama, sannan ki gyara a hankali."

"Mutumin yau kwana shida bai ci abincin matarsa ba."

"Zai ci. Mata da miji sai Allah. Ke kuwa in kika faɗi a nan, ba mai tayar da ke."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, ta sani, kuma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne maganar tasa ta yi mata daɗi. Sai da ta yi kusan awa tana zaune tana juya ta kafin ta sa wasiƙar a ambulan ta fita.

Neman gidan bai yi wuya ba. Mace ta farko da ta tambaya a Gwammaja ta dube ta sama da ƙasa, ta nuna mata lungun da baki. Shagon gyaran keke yana jikin gidan, a rufe. Zaure ba kowa, sai tabarma a naɗe da buta da filo. Ta yi sallama ta shiga tsakar gida.

Wata mata doguwa, mai kimanin shekara hamsin da biyar, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙarƙashin rumfar kwano tana tsince shinkafa a faranti. Ta amsa sallama, ta shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, ta kawo ruwa. Sai da suka gaisa tsaf sannan Bahijja ta ce, "Hajiya, ni ce Bahijja. Ni na rubuta abin da aka buga a jarida."

Lauratu ta ajiye farantin a hankali.

"Ashe ke ce. Na ɗauka babba ce ƙwarai." Ta nuna mata ruwan. "Sha ruwa mana."

Bahijja ta kasa ɗaukar kofin. Ta fara ba da haƙuri, maganar tana fita a hargitse: ta yi kuskure, ta ci amana, ba laifin Hajiya 'Yardada ba ne, ita kaɗai ce. Lauratu ta bar ta har ta gaji.

"Kin gama? To bari in gaya miki, Malama. Tonon asirin bai ba ni mamaki ba. Tun ranar da na yi abin nan na san wata rana zai ji, ko a nan ko a gaban Allah. Sau nawa na buɗe baki zan gaya masa, in rufe. Abin da ya ƙona mini rai, abin da kika sa mini a baki. 'Yata Rukayya ce ta karanta mini, tana karantawa tana kuka. An ce na yi wa mijina tawaye. An ce ya mayar da ni gona. A ina na faɗi haka? Kin san shi? Kin taɓa ganinsa?"

"Ban san shi ba."

"Ba ki san shi ba. Ni ma ba ki san ni ba. Gwammaja da Mandawari tafiyar minti nawa ce? Kika tsallake ni kika je ƙasar Turawa kina ba da labarina, ba ki taɓa cewa bari in je in ga matar nan in ji ta bakinta ba."

Bahijja ta sunkuyar da kai. A littafin akwai shafi guda cur inda ta yi bayanin cewa aikinta shi ne ta ba matan da aka danne murya.

"Na gaya masa ba haka na rubuta ba," Lauratu ta ci gaba. "Ya ce jarida ta buga, malamar jami'a ta sa hannu, ni kuma wadda ta iya ɓoye abu shekara ashirin da biyar me zai hana ta ƙara wata ƙaryar? Ban da hujja. Na ma manta yadda na tsara maganar."

Bahijja ta zaro ambulan ta miƙa mata da hannu biyu. Lauratu ta buɗe, ta nisanta takardar da idonta, ta matso da ita. Ta shafa rubutun da ɗan yatsa.

"Rubutuna ne. A ajin yaƙi da jahilci na koya, gidan Malama Larai. Kwana uku na yi ina rubuta wannan." Ta mayar mata. "Ni ba zai saurare ni ba. Ke kika karanta wa duniya rabi, ke za ki karanta masa sauran. Yana masallaci, yanzu zai dawo."

Ba a daɗe ba suka ji gyaran murya a zaure. Lauratu ta yafa mayafi ta wuce gaba, ta tsaya daga bakin ƙofar ciki. Malam Sabo gajere ne, siriri, gemunsa fari fat, yatsunsa sun yi baƙin man keke wanda wanki ba ya fitarwa. Yana zaune a kan tabarma da carbi. Bahijja ta durƙusa daga gefe ta gaishe shi, ta faɗi ko ita wace ce. Bai ɗago ba.

"Baba, abin da aka karanta muku ba shi ne duka wasiƙar ba. Ni na yanke ta. Sharhin da aka karanta kuma nawa ne, ba maganarta ba ce. Ga asalin takardar da hannunta. Ina roƙo ka bari in karanta maka sauran."

Malam Sabo ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Karanta."

Ta buɗe shafi na biyu ta fara.

"Hajiya, likita ta ce mini in na sake ɗaukar ciki ba zan tashi ba, jinin da na zubar a haihuwar tagwaye ya yi yawa. Ban gaya wa Malam ba don na san halinsa. Da tagwaye suka rasu kwana uku bai sa komai a bakinsa ba, kuma shi ya yi jinyata, har wanki ya yi mini yana ɓoyewa kada maƙwabta su gani. In na gaya masa zai ce a yi, don ba zai yarda in mutu ba. Sannan ya zauna da abin a ransa har ƙarshen rayuwarsa yana tunanin ko ya saɓa wa Allah. Na ga gara in ɗauka ni kaɗai, in da zunubi ya zama nawa. Ki tambayar mini malamai ko na yi laifi, amma don Allah kada ki karanta wannan a rediyo. Ban taɓa ganin mutum mai tausayi irinsa ba, ba na so a ce da shi wani abu."

Ta tsaya. A waje wani mai kalanzir yana ta kira yana wucewa. Carbin ya tsaya a hannun tsohon.

"Sake karanta wurin wankin nan," ya ce.

Ta sake. Ya miƙo hannu, ta ba shi takardar. Bai iya boko ba, amma ya daɗe yana dubanta, ya juya bayanta ya duba.

"Kin gyara mini abu ɗaya, Malama," ya ce a ƙarshe. "Kwana shida ina zaune a nan ina tunanin ashe ƙina take yi tun muna yara. Wannan kin ɗauke mini. Amma akwai wanda takarda ba za ta ɗauke ba." Har yanzu bai dubi inda matarsa take tsaye ba. "Bayan tagwaye, shekara tara na yi ina bin malamai a kan haihuwarta. Har Zariya na je. In kawo rubutu in ba ta, ta karɓa ta yi bisimilla ta shanye, ina tsaye ina cewa Allah ya sa a dace. Tana kallona."

Daga bakin ƙofa Lauratu ta ce, "Malam..."

"Wannan tsakanina da ke ne, ba a gaban baƙuwa ba." Ya juyo ga Bahijja, karo na farko ya dube ta ido cikin ido. "Ke kuma 'yar nan, me muka yi miki?"

Ba a cikin faɗa ya yi tambayar ba, so yake ya sani. Bahijja, wadda ta saba amsa tambayoyin manyan malamai a gaban ɗaruruwan mutane, ta amsa masa hawaye suna zubo mata.

"Ba ku yi mini komai ba, Baba."

"To," ya ce. "Allah ya kyauta." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Da za ta tafi, Lauratu ta rako ta har bakin lungu, abin da Bahijja ba ta zata ba. A nan Lauratu ta ce mata tana so a buga shafi na biyu a jaridar, yadda yake, kada a taɓa ko harafi ɗaya. Bahijja ta ce tana tsoron hakan ya ƙara tayar da maganar.

"Maganar ta riga ta tashi. Duk Gwammaja an ji cewa mijina azzalumi ne. To a ji sauran. Shi ba zai ce a yi ba, ni na ce."

Bahijja tana da kwafin wasiƙar da ta yi tun tana ɗaliba. Ta kai wa Jibrin tare da bayanin da ta rubuta da sunanta, inda ta faɗi ƙarara cewa ita ta yanke wasiƙar don ta dace da abin da take so ta tabbatar, kuma abin da ta faɗa a kan mijin matar ba shi da tushe. Jibrin ya karanta ya yi ta sosa ƙeya, ya ce ko za a sassauta kalmomin. Ta ce a'a. Ya buga a shafi na biyu, ya kuma dakatar da sauran babobin, don da ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta samu wasu mata uku da duk wanda ya san unguwarsu zai iya gane su. Ta rubuta wa kamfanin da ya buga littafin a waje ta nemi a gyara babi na huɗu. Suka amsa da ladabi cewa za su duba in an zo sake bugu. Ba a sake bugawa ba.

Ta mayar da adaka Soron Ɗinki. 'Yardada ta sa aka tura ta ƙarƙashin gado, ta ce Allah ya yi albarka. Daga ranar Bahijja ba ta ƙara yin wata guda ba ta je gaishe ta ba, tsohuwar kuma ba ta taɓa ƙin amsa ta ba, sai dai hirar da ba ta wuce lafiyar yara da tsadar kayan miya.

Ta zauna tana jiran abin da Dakta Abdulhakeem ya hango. An yi ɗan gutsiri-tsoma a sashen na mako biyu, aka shiga yajin aiki, maganar ta bi ruwa. Masu tantance takardunta suna wasu jami'o'i masu nisa, ba wanda yake karanta jaridar Hausa a cikinsu. Bayan shekara guda takarda ta fito, an yi mata farfesa. A rahoton da shugaban sashe ya nuna mata, ɗaya daga cikinsu ya ware babi na huɗu ya ce shi ne mafi ƙarfi a littafin. 'Yan'uwanta suka yi walima a Mandawari, aka yanka rago, ta zauna a tsakiyar mata ana yi mata guɗa, ba ta ko taɓa naman ba.

Bayan sallar layya ta je Gwammaja gaisuwa. Ta tarar da Lauratu tana shanya nama a igiya, jikoki suna wasa a tsakar gida. Ta karɓe ta da fara'a daidai gwargwado. Bahijja ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta iya tambayar yadda gida yake.

"Alhamdu lillahi. Ya dawo ɗaki tun kafin azumi, yana cin abincina. Jiya ma shi ya ce in soya masa hanta." Ta gyara wani yanki a kan igiya. "Sai dai tun ranar da aka kawo ni gidan nan Amarya yake ce mini. Na haifi 'ya'ya, na yi jikoki, bai daina ba, har yara suna yi mana dariya. Yanzu Lauratu yake cewa."

"Hajiya, ki yafe mini."

"Na yafe miki tuntuni, Malama, ai na gaya miki. Ba don ki ji ciwo na faɗa ba. Kin tambaya ne."

Ta ƙulle mata soyayyen nama a leda, ta ce a kai wa yara. Bahijja ta so ta ƙi karɓa, ta ga ƙin zai fi muni, ta karɓa.

A zaure ta tarar da Malam Sabo ya kwance kan wani keke yana goge shi da tsumma. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya ce ya ji labarin ƙarin girman da aka yi mata, Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a amfana da ilimin. Ta ce amin, muryarta can ƙasa. Ya koma kan aikinsa, ita kuma ta sa takalmi ta fita.